Amsa ga mai neman jirgi mara matuƙi na ɗan koyo

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko ka sayi ɗaya daga cikin ƙananan jiragen nan masu arha da ake tallarsu da cewa suna ɗaukar hoton 4K, wato bidiyo mai fitowa tangaran, ko kuwa ka ci gaba da tara kuɗi, tunda nishaɗi kawai kake so ka riƙa yi da shi a nan Gombe. Shawarata ita ce ka jinkirta, domin a harkar nan arha ba ta ado.

Abu biyu ne suke raba jirgin kirki da abin wasan yara, kuma yawancin masu arhar nan ba su da ko ɗaya. Na farko shi ne GPS, wanda yake sa jirgin ya tsaya cak a sama idan ka saki rimot, ya kuma dawo inda ya tashi da kansa idan batir ya yi ƙasa ko sadarwa ta yanke. Wanda ba shi da GPS iska ce take tuƙa shi, kuma ɗan koyo da hannunsa bai faɗa ba zai wuni yana ciro shi daga kan bishiyar darbejiya. Na biyu shi ne gimbal, wato mazaunin da yake riƙe kyamara daram ko da jirgin yana tangaɗi. Idan babu shi, duk lambar da aka rubuta a jikin kwali banza ce, bidiyon zai fito yana rawa har ya sa mai kallo jiri.

Wanda nake nuna wa masu farawa shi ne DJI Mini 4K, wanda ya fito a 2024 a kan dala 299. Nauyinsa bai kai giram 250 ba, yana da GPS da gimbal mai juyawa ta fuska uku, kuma kamfanin ya ce batirinsa yana kai minti 31, kodayake a aikace, idan ka cire abin da za ka bari na dawowa, minti ashirin da 'yan kai za ka mora. Saboda haka ka nemi ƙunshin da ake kira Fly More Combo, mai batir uku da cajar da take ɗaukarsu tare, domin da yanayin wutarmu batir ɗaya ba zai kai ka ko'ina ba. Ka sani cewa jirgin ba ya ganin shinge a gabansa ko bayansa. Wani samfurin na DJI, Mini 4 Pro, yana kauce wa shinge, amma kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu, ni kuwa ban ga dalilin da ɗan koyo zai fara da shi ba.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci. An ƙera waɗannan jirage su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Maris da Afrilu mukan haura haka, don haka ka tashi da sassafe ko bayan la'asar, kuma kada ka bar batir cikin mota a rana. Da hunturu ƙura tana shiga injin da gimbal, shi ya sa nake shimfiɗa tabarma in tashe shi a kai maimakon kan yashi. Shirwa ma takan kawo masa farmaki, idan ka ga tana shawagi kusa, ka sauko da shi.

Game da doka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ce take kula da tashin waɗannan jirage, kuma tun 2016 ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka ka bincika sharuɗɗan da suke aiki yanzu kafin ka biya kuɗi. Ka nisanci filin jirgin sama na Lawanti, da barikin soja, da gidan gwamnati. Kada kuma ka bi ta saman unguwa, domin tsakar gidajenmu a buɗe suke, kuma babu magidancin da zai yarda kyamara ta leƙa iyalinsa. Ka fara koyo a fili bayan gari, inda babu wayoyin lantarki, idan kuwa ƙauye ka je, ka fara gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka.