Tambayoyinku: tsohuwar tashar jirgin garinmu na neman rushewa

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni a Aboabo nake zaune nan Kumasi, amma haifaffen wani ƙaramin gari ne ni kan layin dogon da ya taso daga Obuasi. Da na je gida ƙaramar sallah na tarar iska ta yaye rabin kwanon tashar jirginmu, awaki ke kwana a ɗakin yankan tikiti, allon sunan garin ma ya karkace. Kakana dako ya yi a wurin har ya tsufa. Don Allah yaushe aka gina tashoshin nan, kuma mu talakawa akwai abin da za mu iya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kakanka. Layinku shi ne na farko a ƙasar nan ta Ghana. An fara shimfiɗa shi daga Sekondi a 1898, ya kai Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, ya shigo Kumasi a 1903, ka ga dogon da ya ratsa garinku ya haura shekara 120 ke nan. Na Accra zuwa Kumasi kuwa sai 1923 aka haɗe shi, zamanin Gwamna Guggisberg.

Turawa don zinariya suka yi shi, daga baya koko da katako suka cika taragu, amma mu 'yan zango, wato mazauna unguwannin Hausawa da sauran baƙi, mu ma muna da kaso a ciki, kuma wallahi wannan ne ke damuna don ba a cika faɗa ba. Goron da a da fatake ke kaiwa arewa ta Salaga bisa jakuna, wata da watanni a hanya, da jirgi ya zo sai aka koma loda shi zuwa bakin teku, daga can jirgin ruwa ya kai Ikko. Masu dako irin kakanka, mahauta, masu tuwo da ke tsaye a bakin dogo suna jiran jirgin dare, da yawansu 'yan zango ne. In ginin nan ya faɗi, tarihinsu ne ya tafi.

To abin yi. Kada ku taɓa ko ƙusa ɗaya da kanku, filin da ginin na gwamnati ne. Ku haɗu da sarkin zango da asambuliman ɗinku, wato wakilinku a majalisar gunduma, ku je fadar Nana, sarkin garin, a rubuta takarda zuwa hukumar raya reluwe ta Ghana wadda aka kafa a 2008, a aika kwafi ga hukumar gidajen tarihi da ke Accra. Abin da za ku fara roƙo izinin gyara rufi ne, ba fenti ba, don ruwan sama ke kashe tsohon gini, ya ruɓar da katako ya jiƙa bango har ya tsage. Sannan a sa ido kan masu sayen tsofaffin ƙarafa, allon nan da ka ce ya karkace dare ɗaya zai iya ɓacewa.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar izinin kowa, shi nake so ka fara wannan makon. Ɗauki wayarka ka je wajen tsofaffin da suka yi aiki a tashar ko suka yi talla a nan, ka gaishe su ka zauna, ka naɗi muryarsu, su faɗa maka ƙarfe nawa jirgi ke isowa, nawa ne kuɗin zuwa Kumasi, ina sitoo ɗin koko yake. Ka ɗauki hoton ginin ta kowane gefe, ciki da waje, ka haɗa da takardar da za ku kai.