Shin Najeriya za ta iya karɓo Bakassi daga hannun Kamaru?

Tambaya: Barista, ƙanena yana sarin busasshen kifi a Ikang da ke Jihar Kuros Riba, kuma yakan tsallaka Bakassi da kwale-kwale. Wasu suna ta ce wa shi da abokan sana'arsa kada su biya harajin Kamaru, wai ƙasar ƙabilar Efik ce tun kaka da kakanni, kuma an kusa ɗaukaka ƙara. Hankalina ya tashi. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, ka kira ƙanenka yau, kada ka bari sai gobe.

Tarihin da suke faɗa ba ƙarya ba ne. Masunta Efik da Ibibio sun daɗe a Bakassi, kuma a 1884 sarakunan Tsohuwar Kalaba sun sa hannu a yarjejeniyar kariya da Ingila. Da wannan Najeriya ta kafa hujja: wanda aka ba amanar kariya ba shi da ikon kyautar da ƙasa. Ni kaina har yau hujjar tana ratsa ni. Amma Kotun Duniya ta saurare ta, ta fifita yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 11 ga Maris 1913, wadda ta sa Bakassi a ɓangaren Jamus mai mulkin Kamaru a lokacin, ta ba Kamaru yankin a ranar 10 ga Oktoba 2002.

Maganar ɗaukaka ƙara kuwa, ita ce take ƙona mini rai, don kusan kullum sai an tare ni da ita. Babu ɗaukaka ƙara a Kotun Duniya. Sashe na 60 na dokar kotun ya ce hukuncinta shi ne ƙarshe. Sashe na 61 ya bar ƴar ƙofa ɗaya, wato neman a sake duba hukunci, amma sai an gano sabuwar hujja mai nauyi da ba a san da ita ba lokacin shari'a, kuma cikin shekara goma. Wa'adin ya cika a Oktoban 2012, gwamnatin Jonathan ta ce ba za ta nema ba. To wace kotu ake nufi? Sai ka ga mutum bai taɓa buɗe hukuncin ba, ya ɗauki murya a WhatsApp yana yi wa talakawa alkawarin abin da ya wuce tuntuni. Wani ma ya ce ai Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da miƙa yankin a 2007. Ta yi ƙorafi, haka ne, amma an miƙa yankin a Kalaba ranar 14 ga Agusta 2008. Shi mai zugar yana kwance a ɗakinsa, wanda jandarma za su tare a kan ruwa kuwa ƙanenka ne. A ji tsoron Allah da rayukan mutane.

Abin da ya kamata su riƙe shi ne yarjejeniyar Greentree da Obasanjo da shugaban Kamaru Paul Biya suka sa wa hannu a 12 ga Yuni 2006. A ciki Kamaru ta yi alkawarin ba za ta kori ƴan Najeriya mazauna yankin ba, ba za ta tilasta musu canza ƙasa ba, za ta kare dukiyarsu da sana'arsu ta kamun kifi. Nan haƙƙinsu yake, kuma a nan ne nake ganin gwamnatocinmu sun yi sakaci wajen bibiya.

Ƙanenka ya riƙa tafiya da takardunsa, ya biya harajin da doka ta sa, ya karɓi rasit. In an zalunce shi, su kai ƙara a ƙungiyance ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Buea a Kamaru.