Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Yanka Farashin Tabarau?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. An auna mini ido aka ce sai na sa tabarau. A wani shago a Adum, kuɗin firam ɗin Ray-Ban ya ninka na kasuwar Kejetia kusan sau goma, alhali a ido ban ga bambanci ba. Ɗan'uwana ya ce ai kamfani ɗaya ke yin su duka. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar ɗan'uwanka, sai dai ba duka ba. Kamfanin da yake nufi shi ne Luxottica, wanda Leonardo Del Vecchio ya kafa a Italiya a 1961. Ya sayi Ray-Ban a 1999, ya sayi Oakley a 2007, kuma shi ke ƙera firam na Prada da Chanel da Versace da Armani bisa yarjejeniya. Sana'arka ce ma za ta fahimtar da kai: tela ɗaya ya ɗinka riguna goma, kowane mai shago ya liƙa tambarinsa. A 2018 ya haɗe da Essilor na Faransa, babban mai yin gilashin da ake sawa cikin firam, suka koma EssilorLuxottica. Da ma yana da jerin shagunan LensCrafters da Sunglass Hut, a 2021 kuma ya ƙara da GrandVision na Turai. Wanda ya riƙe masana'anta da suna da shago, ba ya jin tsoron ciniki.

Amma ba shi kaɗai ba ne. Kering ke yin na Gucci da Cartier, akwai Safilo, sannan a gilashi akwai Zeiss na Jamus da Hoya na Jafan. Abin da ke cika teburan Kejetia kuwa, akasarinsa daga Sin yake zuwa, daga garuruwa irin su Wenzhou da Danyang. Ray-Ban ɗin da aka yi maka tayi a kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa, kwaikwayo ne, babu wata tantama. A ganinmu gara firam marar suna mai ƙwari da jabu mai babban suna.

Ga inda ikonka yake. Takardar awon idonka taka ce, ka karɓe ta a hannu, kada ka yarda a ce sai ka sayi tabarau a wurin da aka auna ka. A kanta za ka ga SPH, ƙarfin gilashi. CYL da AXIS, gyaran idon da gabansa bai yi zagaye daidai ba. ADD, ƙarin ƙarfin karatu. Sai PD, tazarar ƙwayoyin idanunka biyu, wadda a manya kan kai milimita 54 zuwa 74. Wannan ta ƙarshe ce ake yawan "mantawa" ba a rubuta ba. Ka ce a rubuta. Da takardar nan ka zagaya shago uku, a kowanne ka ce a raba maka kuɗi gida uku: firam, gilashi, da shafe-shafen da ake yi wa gilashin. Nan za ka ga inda kuɗin ya taru.

Wajen zaɓen firam, duba cikin hannunsa, akwai lambobi kamar 52, 18, 140: faɗin gilashi, faɗin wurin hanci, tsawon hannu. Ka buɗe ka rufe, ka ga ko mahaɗin na sukurori ne da za a iya ɗaurewa. Ƙarfe mai arha yakan yi kore da zufa, ya ci fatar bayan kunne.

Tambaya: Na sayi firam a kasuwa, aka yanka mini gilashi a wani wuri. Tun da na fara sawa kaina ke ciwo, ƙasa kamar tana karkacewa. Arhar ce ta jawo? Uwargida daga Asawase.

Amsa: Hajiya, sannu. Sau da yawa ba arha ba ce, tsakiyar gilashin ce ba ta zauna a kan ƙwayar ido ba. Lissafin a fili yake: gilashi mai ƙarfin -5.00 idan ya goce da milimita 4, yana karkatar da haske da awo 2 a ma'aunin karkacewar haske (ƙarfi 5 sau santimita 0.4), sai jijiyoyin ido su yini suna ja don haɗa hoton ya zama ɗaya. Ki koma da tabarau da takarda, ki ce a ɗora shi a na'urar auna gilashi, a ɗiga alamar tsakiya, a gwada da PD ɗinki, a kuma duba AXIS. Sabon tabarau kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ido ya saba. Abin da ya wuce haka, mai yiwuwa akwai kuskure.

Tunda an taɓo gilashi: idan awonki bai wuce 2.00 ba, na roba mai lamba 1.50 ko 1.56 ya ishe ki (wannan lambar, yawanta ke sa gilashi ya yi siriri). Siriri mai 1.67 sai awo ya yi nauyi yake biyan kuɗinsa. Kada ki bar tabarau a gaban mota cikin rana ko ki wanke da ruwan zafi, shafen yakan tsattsage.

Tambaya: Tabarau na karatu da ake tallar su a tire, suna ɓata ido? Dattijo daga Sabon Zango.

Amsa: Ba sa ɓatawa, Baba. Ana yin su daga +1.00 zuwa wajen +3.50, ƙarfi ɗaya a idanu biyu, don haka suna yi wa wanda tsufa kaɗai ya rage masa ganin kusa. Haɗarin shi ne mutum ya ga rubutu ya fito ya fasa zuwa awo, alhali hawan jinin ido, wanda ya yi yawa a Ghana, yana cin gani daga gefe ba tare da zafi ba. Wanda ya haura shekara 40 ya je sashen ido na asibitin Komfo Anokye ko wurin mai awo mai lasisi, a auna masa ƙarfin ruwan ido a duba jijiyar gani, musamman idan akwai mai ciwon a dangi ko yana da ciwon suga.