Tambaya da Amsa: Daga ina zaiba take fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana zuwa haƙar zinare wajajen Birnin Gwari. Da ya zo hutun sallah na gan shi da wata 'yar kwalba mai nauyin tsiya, da wani ruwa mai ƙyalli kamar narkakkiyar azurfa a ciki. Ya ce zaiba ce, da ita suke kama zinare, har ya ƙona ɗan curin zaiba da zinare a murhun tsakar gida don mu gani. Shin rijiyarta ake tonawa kamar fetur? Kuma za a same ta a duwatsunmu irin Kufena? Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, zaiba ba ta da rijiya. Akasari a cikin dutse take, wani jan dutse da ake kira sinaba. Shekarun da na yi ina koyar da ilimin duwatsu, akwai guntunsa da nake zagayawa da shi aji, bai wuce ƙwallon goriba ba, amma duk wanda na ɗora wa a tafin hannu sai ya yi mamakin nauyinsa. Sinaba haɗin zaiba ne da farar wuta, kuma idan tsantsarsa ne, kashi 86 cikin 100 na nauyinsa zaiba ce.

Bari in ba ka labarin wata ƙaramar mahaƙa, don ta fi kama da ramukan da ƙanenka ya sani. Sunanta Mariskal, a jihar Tekzas ta Amurka, cikin hamada, dab da iyakar Meziko. Wajen 1900 wani makiyayi, Martin Solis, ya ci karo da jan dutsen a can. Dutsen wurin irin wanda ake siminti da shi ne, mai yawan tsaga. A wani zamani mai nisa narkakken dutse ya kutso daga ƙarƙashin ƙasa, ya zafafa ruwan da ke can ciki. Ruwan ya ɗauko zaiba da farar wuta ya biyo tsagogin zuwa sama, da ya fara hucewa sai ya sauke kayansa ya shafe tsagogin da ja. Shi ya sa mai haƙar sinaba ba ya samun shimfiɗa guda kamar ta kwal. Jijiya yake bi, yau ta yi kauri, gobe ta sirance, jibi ta ɓace masa.

Da farko a kan jakuna ake loda dutsen zuwa garin Terlinguwa, inda ake da matoya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗaga farashi, domin da zaiba ake haɗa sinadarin da ke tayar da harsashi, sai masu mahaƙar suka gina tasu matoyar ta bulo. A nan aikin yake, kuma a nan nake so ka natsu. Ana farfasa dutsen, a zuba ta saman doguwar matoya mai kantoci a karkace, yana gangarowa sannu a hankali, zafin wuta yana hawa ta cikinsa. Zaiba tana tafasa a digiri 357, matoyar kuwa ta wuce haka nesa. Farar wutar ta ƙone ta bi iska, zaibar ta zama tururin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Sai a bi da tururin ta jerin ɗakunan bulo masu sanyi, ya taru a bango kamar raɓa, ya ɗiga ƙasa, a kwashe a ɗura a gorunan ƙarfe. Kowace gora kilo 34.5, alhali abin da ke ciki bai kai lita 3 ba.

Farashi ya faɗi, aka rufe a 1923. Aka sake buɗewa a 1942 saboda wani yaƙin, aka rufe baki ɗaya a 1943. Duk abin da ta bayar gora wajen 1,400 ne, kusan tan 48. Gwada da mahaƙar Almaden ta Sifaniya, wadda ta bayar da kimanin tan 250,000.

Abin da ke taɓa min zuciya leburorin ne. Yawancinsu talakawan Meziko ne da suka tsallako kogi neman abinci, suka tayar da ɗakunan duwatsu a gindin tsaunin. Masu aikin matoyar zaiba, a ko'ina a duniya, ciwonsu iri ɗaya ne: yawan dalala, dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, hannu ya kama karkarwa har mutum ya kasa kai loma baki. Yau sama da shekara 80 da mutuwar wutar Mariskal, amma hukumar gandun dajin Big Bend, inda mahaƙar take, tana gargaɗin baƙi kada su taɓa bulon, don har yanzu a jiƙe yake da zaiba.

Batun Kufena kuwa, kada ka wahalar da kanka. Dutse ne da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa shekaru ɗaruruwan miliyoyi da suka wuce, zaizaya ta tono shi. Sinaba kusa da doron ƙasa yake samuwa, a yankunan aman wuta da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Zaibar hannun ƙanenka shigo da ita aka yi, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar Minamata ta 2013 mai neman rage amfani da ita.

Yanzu koma kan curin da ya ƙona. Abin da matoyar Mariskal ke yi, shi ya yi a tsakar gidanku, sai dai babu ɗakunan tare tururi. Huhunku ne ya tare, da bangon ɗaki, da tukwanen girki. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 saboda an kai aikin dutsen zinare cikin gida. Gubar daban ce, amma ƙofar da ta shigo ɗaya ce.

Don Allah ka zaunar da shi ka faɗa masa. Kada a sake ƙona curi a gida ko kusa da mai ciki da yara. Kwalbar a toshe ta sosai, a fitar da ita daga ɗakin kwana. In ta zube kada a sa tsintsiya, watsa ta za ta yi. A tattara da kwali, a buɗe tagogi. Cokali ko kaskon da ya yi ƙonar da shi kada ya koma madafa. Idan kuma ka lura hannunsa na rawa, ko bacci ya ƙaurace masa, ko ya faye saurin fushi, ka kai shi asibitin koyarwa na Shika, ka gaya wa likita a fili cewa da zaiba yake aiki.