Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Idan Firintar 3D Ta Ƙi Cin Zare

Saƙonnin wannan makon daga cikin garin Kaduna kusan duk kan firintar 3D suka zo, wato na'urar da ke narkar da roba ta gina abu da ita, kuma kukan ɗaya ne. Ko dai na'ura ta ƙi karɓar zaren roba, wato filamen, ko ta karɓa sannan ta rantse babu komai a cikinta. Masu tambaya kan wayar hannu su yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Daga wani matashi a Kawo: Malam, na sayi firinta samfurin Ender 3 ta hannu. Ina danna umarnin tura zare a allo amma motar tura zaren ko motsi ba ta yi. Ta ƙone ne?

Ba ta ƙone ba, ƙanena, bakin ne da sanyi. Manhajar Marlin da ke cikinta tana hana motar juyawa muddin zafin nozul, wato bakin da narkakkiyar roba ke fitowa, bai kai digiri 170 ba, don kada ta tauna zare a banza. Kai shi 200 in zarenka nau'in robar PLA ne, 235 in PETG ne, sannan ka danna. Ka yanke kan zaren a karkace kamar fiƙar alƙalami, ka miƙar da santimita goma na farko da yatsunka, in ba haka ba zai yi ta tuntuɓe a ƙofar tiyon da ke kai zare zuwa nozul.

Daga wata mai buga kayan yanka kek a Barnawa: Tun da damina ta kankama zarena yake karyewa da kansa a cikin farin tiyo cikin dare. Da safe in na sa aiki, na'ura ta yi ta yawo a iska ba ta zubar da komai, kuma ba ta tsayawa. In ya fito ma sai ya riƙa ƙara tas-tas. Faifan zaren yana rataye a kan na'urar tun watan Mayu. Nozul zan canza?

Hajiya, nozul bai yi miki laifin komai ba. Amsarki tana cikin tambayarki: tun watan Mayu! Wannan ɗabi'a ta rataye faifai a kan na'ura wata da watanni, kamar hular da aka manta a jikin ƙusa, ita ce ta fi komai cin dukiyar masu firinta a garin nan, kuma ita ce ba a son a ji.

Robar nan tana shan laima daga iska. Nailan ya fi kowa ƙishirwa, PETG na biye, PLA ma tana sha a hankali. Daminarmu kuwa tun daga Mayu har Oktoba take, a Agusta har gishirin girki jiƙewa yake yi. Ruwan da ya shige cikin zaren, da ya isa nozul mai zafin digiri 200 sai ya tafasa ya zama tururi. Ƙarar tas-tas ɗin da kike ji ke nan, kuma shi ya sa jikin aikin ke fitowa da 'yan ramuka da gashi-gashi kamar yanar gizo-gizo. PLA da ta daɗe a waje kuma takan yi gautsi. Tana nannaɗe a faifai, tiyo yana tilasta mata miƙewa, cikin dare sai ta gaji ta ɓalle.

Abin da ya sa na'urar ba ta tsaya ba shi ne sansar da ke gano zare ba ta da wayon da kike zato. Ɗan makunni ne kawai da zare ke dannawa in ya wuce. Tunda karayar a gaba da ita ta faru, guntun da ke cikinta yana nan yana danne ta, ita a ganinta komai lafiya. Ba ta san ko zaren yana tafiya ba, ta san yana nan ne kurum. Haka ma in zare ya harɗe a faifai, ba za ta ce uffan ba.

Ga gwaji. Lanƙwasa kan zaren tsakanin yatsu biyu. Mai lafiya zai tanƙware ya yi fari a wurin, mai gautsi zai karye kamar taliyar da ba a dafa ba. Ki warware mita biyu ko uku ki zubar, sau da yawa na cikin ya fi dama. Sauran ki busar: PLA a digiri 45 zuwa 50 na awa huɗu zuwa shida, PETG a 60 zuwa 65. In babu na'urar busarwa, kwantar da faifan a kan gadon firintar, sa zafin gadon a 50, kifa kwalin da ya zo ciki a kai, ki huda 'yan ramuka a sama don tururi ya fita. Kada a shanya a kan kwanon rufi, ba kuɓewa ba ce. PLA tana fara laushi a wajen digiri 60, kwano a rana kuwa ba a yi masa shaida. Zaren zai manne da juna a rasa duka.

Bayan haka, bokitin fenti mai murfin kamawa. Ki wanke shi, ya bushe sarai, ki zuba silika a ƙasa, irin 'yan ƙwayoyin da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi amma da yawa, kamar gram 200 zuwa 300. Faifai uku za su zauna a babban bokiti. An gama aiki, a zare zaren, a soka kansa a ramin gefen faifai don kada ya harɗe, a mayar bokiti. Minti biyu ne. Masu cewa ai rani yana zuwa su sani cewa hunturu ma da nasa: ƙurar hazo tana kwanciya a kan faifai, zare ya kwashe ta har cikin ramin nozul da faɗinsa bai wuce milimita 0.4 ba. Yanki ɗan soso, ka tsaga shi, ka maƙala a jikin zaren kafin ya shiga sansa. Bayan mako guda duba launin sosan, ba sai na ƙara magana ba.

Daga wani ɗalibi a Tudun Wada: Tawa kuma cewa take zare ya ƙare alhali faifan a cike yake. Na ɗaure makunnin sansar da salatif, yanzu ta yi shiru.

Ta yi shiru kamar yadda mai gadi ke shiru in an ɗaure masa baki. Cire salatif ɗin. Haɗa na'urar da kwamfuta, buɗe manhajar Pronterface mai aika wa firinta umarni, aika umarnin M119. A jerin da zai fito akwai layin filamen. Soka guntun zare ka sake aikawa, cire ka sake aikawa. In amsar ba ta canza ba, duba filogin wayar a ɓangarorin biyu, sannan ka buɗe murfin sansar. Sau da yawa za ka tarar garin roba ya cika ta, ko zare ya ci jikin robar ya yi kwari, yana bi ta gefe ba ya taɓa ɗan ƙarfen da ya kamata ya danna. Lanƙwasa ƙarfen kaɗan da filaya ko ka sayi sabuwa, ba ta da tsada. In amsar tana canzawa amma a juye, saitin manhaja ne. Aiki na gaggawa kuwa, umarnin M412 S0 yana kashe sansar cikin mutunci, M412 S1 ya dawo da ita. Sansa mai aiki da haske takan ruɗe da zare garai-garai mai kama da gilashi, wannan ma ka sa a ranka.

Daga Rigasa: An ɗauke wuta ana tsakar aiki. Da aka dawo da ita zaren ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Da wuta ta tafi, ƙaramar fankar da ke sanyaya wuyan nozul ta tsaya, zafi ya hau sama, zaren ya yi laushi ya kumbura a inda bai kamata ba, ya daskare. Ɗumama zuwa 220, danna hannun matsewa da ke jikin motar tura zare, tura zaren ƙasa kaɗan tukuna sannan ka fizgo da sauri. In ya ƙi, cire shuɗin kilif da ke riƙe da tiyo, zaro tiyon gaba ɗaya, yanke kumburin. Wajen mayarwa bakin tiyon ya zama a yanke daidai, ya kuma taɓa nozul ba rata, domin a wannan ratar roba ke taruwa. Ɗan'uwa, ka sa firintar a kan inbata. Kuma ko da wuta, kada ka kashe ta sai nozul ya sauko ƙasa da 50.

Daga Malali: Motar tura zare tana ƙas-ƙas, ga gari yana zuba a ƙarƙashinta.

Haƙoran suna goga zare ne ba sa ja. Goge su da tsohon buroshin haƙori, soka allurar nozul daga ƙasa yana da zafi. Sannan kwance hannun matsewa ka juya shi, na roba a Ender 3 yakan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. In ya tsage, sa na alminiyam.

Daga Kakuri: Na samu zare da araha, amma ko ramin sansa ya ƙi shiga.

Karanta takardar jikin faifan. Ina kyautata zaton kaurin milimita 2.85 aka rubuta, taka kuwa 1.75 take ci. Ka mayar wa mai shago tun bai manta fuskarka ba.