Na shuka furanni, me ya hana malam-buɗe-littafi zuwa?

Tambaya: Malam, a tsakiyar birni nake zaune, tsakar gidanmu duk siminti ne. Na jera tukwanen furanni kusan goma don in riƙa ganin malam-buɗe-littafi, amma shiru kake ji. Ga kuma wasu tsutsotsi sun addabi ɗan lemun tsamin da na dasa, duk mako sai na yi musu feshi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malama, kuskuren yana cikin gwangwanin feshin nan. Je ki duba tsutsar da kyau. Idan tana ƙarama baƙa-baƙa ce da ratsin fari, sai ki rantse kashin tsuntsu ne a kan ganye, in ta girma ta koma koriya shar, in kin taɓa ta kuma ta fiddo wasu 'yan ƙahoni biyu masu wari, to ita ce baƙon da kike jira: babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya. Makonni kaɗan suka rage ta yi fukafukai.

Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Fure wurin shan ruwan zaƙi ne kawai, a sha a wuce. Abin da ke zaunar da malam-buɗe-littafi a wuri shi ne ganyen da 'ya'yansa za su ci, kuma kowane iri da nasa. Macen da ƙafafunta take ɗanɗana ganye, in ba shi ba ne ba za ta ajiye ƙwai ba. Wani na lemo, wani na ciyawa, wani mai ruwan goro da baƙi a bakin fukafukai na tumfafiya, wadda kowa ke sarewa a matsayin banza. Ɗan uwansa na Amurka, wanda ke ƙaura har Meziko kowace shekara, shi ma a kan dangin tumfafiya kaɗai yake hayayyafa. Saboda haka lambun da ba ganye ko ɗaya mai huji, ni a wurina, ado ne kawai.

Furannin ma a duba. Masu cunkushewar ganyen fure, irin waɗanda aka inganta don kyau, sau da yawa ba su da ruwan zaƙin kirki, ko kuma ƙwaro ba ya iya kaiwa gare shi. Ki nemi masu buɗaɗɗiyar fuska, musamman tsirran da asalinsu na yankinki ne, ki tara iri ɗaya wuri guda inda rana ke samu kuma iska ba ta bugawa, ki haɗa masu fure a lokuta daban-daban don kada wata ya wuce babu komai.

Sai ki sa faranti da jiƙaƙƙen yashi da 'yan tsakuwoyi. Mazan malam-buɗe-littafi kan sauka su tsotsi gishirin da ke ciki. Kada ruwan ya kwanta dai, sauro za ki kiwata.

Ba su kaɗai za su amfana ba. Ƙudan zuma sun haura iri 20,000 a duniya, akasarinsu ba sa zaman amya, kowace uwa ita kaɗai take, kuma mafi yawansu a cikin ƙasa suke haƙa gida. Siminti ya rufe musu ƙofa. Ko babban baho ɗaya na ƙasa mai yashi, a bar shi fili ba haƙa ba ban-ruwa, ya zama masauki. Da dare kuma a rage fitilar waje, don faɗa-wuta ma mai barbarar furanni ne, wato yana kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan don tsiro ya yi 'ya'ya.

Kada ki raina tukwane goma. Kusan kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar barbarar da irin waɗannan halittu ke yi, shi ya sa wasu birane suka ɗauki abin da gaske: a 2019 birnin Utrecht na ƙasar Holan ya shuka tsirrai a rufin tashoshin bas fiye da 300. Ki ja maƙwabta biyu ko uku, barandarsu da tsakar gidanki su zama zango-zango.

Lemun kuwa, in ƙarami ne sosai, ki bar masa tsutsa biyu ko uku, sauran ki ɗauke da hannu ki mayar kan babbar bishiyar lemo. Ganyen zai sake toho.