Tambaya da amsa: Me ya hana a ƙara wa allon hoton niyutiron kauri kawai?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗalibin fiziks ne a Zariya, ina karatu a kan ɗaukar hoto da niyutiron. Na gane cewa akwai wani allo da ake kira sintileta mai mayar da niyutiron haske har kamara ta ɗauka. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, tunda an ce hasken ba shi da yawa, me ya sa ba za a yi allon da kauri sosai ya kama duka niyutiron ɗin ba? Kuma allon eksire na asibiti ba zai yi wannan aikin ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi tambayarka ta yi min daɗi, don kuwa a kan wannan kaurin da ka ambata masu haɗa allon nan suke shan wahalarsu.

Niyutiron ba shi da caji, shi ya sa yake ratsa dalma da ƙarfe hankali kwance amma ruwa ko mai ko roba su tare shi saboda haidirojin da ke cikinsu, kusan kishiyar eksire ke nan. Da shi ake ganin ruwa a cikin saiwar shuka tana cikin ƙasa, ko abin da aka ɓoye a cikin tsohon gunkin tagulla ba tare da an fasa ba. Tun wajen 1935 Kallmann da Kuhn suka fara gwada wannan hoton a Berlin, shekara uku kacal bayan Chadwick ya gano niyutiron ɗin. To amma rashin cajin nan shi ne kuma matsalar, don kamara ba ta san ya zo ba, dole sai an samu wani abu ya haɗiye shi ya fitar da mai caji, shi kuma mai cajin ya bugi garin da ke walƙiya.

Allon da aka fi amfani da shi gari biyu ne ake cakuɗawa da gam a shafa a kan farantin alminiyum, don alminiyum kusan ba ya tare niyutiron. Gari na farko LiF ne, wato litiyum fuloraid, wanda aka tace litiyum-6 a cikinsa, saboda litiyum na asali kashi 7.5 cikin 100 ne kawai yake litiyum-6, saura duk ba ya kamawa. In litiyum-6 ya haɗiye niyutiron sai ya tsage biyu, tiritiyum da alfa, su fito da ƙarfin MeV 4.78 a tsakaninsu (MeV ma'aunin ƙarfi ne, MeV ɗaya keV dubu ne). Gari na biyu ZnS ne, wato zink salfaid, shi ke walƙiya in sun buge shi, in an ɗan sa masa azurfa hasken shuɗi ne, in jan ƙarfe aka sa kore ne. Niyutiron guda ɗaya yana iya haifar da ƙwayoyin haske wajen 160,000, kaga ba ƙaramin haske ba ne.

Yanzu ga inda kauri ke ɓata aiki. Shi ZnS gari ne fari, ba gilashi ba ne, hasken da ya haifa da kansa sai ya riƙa karo da ƙwayoyin garin yana watsuwa kafin ya fito fuskar allo. Ka tuna yadda fitilar mota take a hazon hunturu a hanyar Kano, daga nesa ba ka ganin fitila, dunƙulen haske kawai kake gani ya bazu. Haka ɗigon da ya kamata ya fito ƙarami yake fitowa a baje, kuma iya zurfin inda aka kama niyutiron ɗin iya bajewar. In ka ci gaba da ƙara kauri har ya kai wajen rabin milimita to hasken da aka haifa can ciki ma ba ya fitowa gaba ɗaya, ka kashe kuɗin litiyum-6 mai tsada, hoto ya dushe, haske kuma bai ƙaru ba. Shi ya sa za ka ga allunan nan daga maikiron 50 zuwa 400 suke (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kuma kusan iya kaurin allonka iya ƙanƙantar abin da za ka iya rarrabewa a hoto. Gashin kai ɗaya maikiron 50 zuwa 100 ne, sai ka kwatanta. Allon maikiron 100 yawancin niyutiron wucewa suke yi ta cikinsa ba a kama su ba, an sani, an kuma yarda da wannan asarar, sai a ƙara lokacin ɗauka.

Batun allon asibiti kuwa, ka kusa gaskiya fiye da yadda kake zato. Gadox, wato Gd2O2S mai tabiyum a ciki, da shi ake eksire kuma da shi ake hoton niyutiron, saboda gadoliniyum mugun kamu gare shi. A ma'aunin kamun niyutiron da ake kira ban (barn), litiyum-6 ban 940 ne, gadoliniyum na asali wajen ban 49,000, shi kuwa gadoliniyum-157 ya haura 250,000. Don haka allon maikiron 10 ko 20 ma yana kama niyutiron da yawa, hoto ya fito tas. A cibiyar Paul Scherrer da ke Suwizalan sun yi allon gadoliniyum-157 mai kaurin maikiron 3 zuwa 4 suna ganin abu mai girman maikiron 5. Amma akwai farashi. Abin da gadoliniyum ke fitarwa ilektiron ne mai ƙarfin 'yan keV gomomi, haskensa kaɗan ne ƙwarai in ka gwada da na litiyum, sannan tunda allon eksire ne to radiyeshan ɗin gama (gamma) ma yana gani, kuma duk bututun niyutiron da ya fito daga riyakta da gama yake tafe, sai ta shiga hoton ta rage bambanci tsakanin fari da baƙi. Na asibitin kuma an yi shi da kauri don eksire, in ka ɗauko shi yadda yake ka rasa amfanin siririn ka kwashi gamar. Ni dai a ganina mai farawa ya kama LiF da ZnS na maikiron 100 ko 200, Gadox sai in da gaske kana bin tsaga ƙarama kuma kana da niyutiron masu yawa.

Shafa garin ma sana'a ce mai zaman kanta, kamar magini da filasta, in wani wuri ya fi wani kauri ko garin ya dunƙule zai fito a kowane hoto. Maganinsa a ɗauki hoton allon ba komai a gabansa a raba kowane hoto da shi. Kuma allon yana gajiya, inda niyutiron suka daɗe suna duka haskensa raguwa yake, ZnS kuma yana ci gaba da ɗan haske bayan an rufe bututu, wanda ke damun mai ɗaukar abu yana motsi. Kamarar ita ma ba a sa ta a bayan allo kai tsaye, madubi ake kafawa a digiri 45 cikin akwati mai duhu ita tana gefe an kare ta da dalma, in ba haka ba niyutiron da gama su lalata ta.

Tunda a Zariya kake, riyaktar NIRR-1 da ke CERT, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004 da kilowat 30, babban aikinta gano sinadaran da ke cikin samfur ne, ba kamar manyan tushen niyutiron irin SINQ na Suwizalan ko FRM II na Jamus da ke da bututun hoto na musamman ba. Amma rabin aikin allo ba ya buƙatar riyakta. Garin ZnS yana walƙiya da alfa kai tsaye, don haka da ƙaramin tushen alfa na ɗakin gwaji irin amerisiyum-241, a ƙarƙashin kulawar jami'in kariya daga radiyeshan, za ka iya shafa alluna huɗu ko biyar masu kauri daban daban, ka sa tushen a bayan kowanne ka auna hasken da ke fitowa ta gaba. A kan gilashi za ka shafa su, tushen ya fuskanci garin kai tsaye, don alfa ko takarda ba ya iya ratsawa balle farantin alminiyum.